Darbejiyar ƙofar gidanku da azurfar da ido ba ya gani

In kai ɗan Balan ne, ko wani gari tsakanin Gaya da Ajingi, ba sai an nuna maka darbejiya ba. A inuwarta ake majalisa, ganyenta ake dafawa a yi wa mai zazzaɓi sirace. To, ganyen nan ya shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kuma da azurfa ake haɗa shi.

Ga yadda ake yi. Za a wanke ganye a tafasa, a tace ruwan, a ɗiga shi cikin ruwan wani gishirin azurfa da ake kira silba naitiret, wanda yake garau kamar ruwan sha. Kafin wani lokaci sai ka ga ya koma rawaya, daga nan ya yi kalar shayi ba madara. Wannan sauyin launi shi ne alamar sinadaran ganyen sun mayar da narkakkiyar azurfar 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, sun kuma lulluɓe su don kada su dunƙule. Girmansu daga nanomita 1 zuwa 100 ne, alhali kaurin silin gashin kanka ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Masana a birnin Pune na Indiya sun wallafa wannan aiki da ganyen darbejiya tun 2004, daga baya aka yi ta gwada zogale da lalle da bagaruwa. Eh, bagaruwar da majema ke jima da ita.

Me ya sa sai an niƙe ta haka? Ka tuna sukarin ƙwara da na gari a cikin shayi, wanne ya fi saurin narkewa? Haka abin yake. Idan azurfa ta ƙanƙance sai ta fi samun wurin taɓa ƙwayar cuta, ta huda mata fata, ta dagula mata numfashi, ta hana ta hayayyafa. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a zamanin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke daina ci, musamman irin yadda muke sayen kafso a kemis mu sha biyu mu ajiye. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani.

Likitoci dai sun daɗe da sanin azurfa. Tun wajen 1881 likita Carl Credé na Jamus yake ɗiga wa jarirai ruwan silba naitiret a ido don kare su daga makanta. Farin man nan da ake shafa wa wanda ya ƙone a asibiti, shi ma da azurfa a ciki, kuma yau akwai bandejin ciwo mai ɗauke da ƙwayoyin nano. Amma ka lura, duk a waje ne, a kan fata ko ido. Babu na sha.

Nan ne 'yan kasuwar Facebook da WhatsApp ke yi mana wayo. Za ka ga kwalba an rubuta “Nano Silver”, wai tana maganin sanyi, taifod, suga, har da kansa. Jikinka ba ya buƙatar azurfa kamar yadda yake buƙatar sinadarin ƙarfe. Idan ka yi ta sha, taruwa take a fata ta mayar da ita shuɗi-shuɗi mai toka-toka, kuma ba ya gogewa. Wani Ba'amurke, Paul Karason, haka ya zama shuɗi har ya rasu a 2013. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta yarda irin wannan ruwa na da inganci ko aminci ba. Mu ma mun ga namu: a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, ministan lafiya Onyebuchi Chukwu ya sanar za a gwada Nano Silver a Legas, cikin 'yan kwanaki aka janye don bai cika sharuɗɗa ba.

Shi kuwa na ganyen, yawancin nasarorinsa a farantin gwaji da jikin ɓeraye aka gan su. Tsakanin kashe ƙwayar cuta a faranti da warkar da gyambon ƙafar kakarka akwai tafiya mai nisa. Kuma don Allah kar ka ce za ka haɗa a gida, silba naitiret yana ƙona fata ya bar baƙin tabo.

Ke ko kai da ke shirin karanta kemistiri ko ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ko a Bayero, ga inda aikin yake. Ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba, na bakin fadama daban da na tudu. Ƙarfin sinadaransu na bambanta, don haka girman ƙwayoyin da ƙarfin aikinsu ma sai su bambanta, shi kuwa magani dole kwalbar yau ta zama daidai da ta gobe. Wannan na cikin manyan abubuwan da suka hana azurfar ganye fita daga ɗakin gwaji zuwa asibiti. Ɗalibin da ya tsinko ganyen bishiya guda a Balan a watan Agusta, ya sake tsinkowa a Maris, ya haɗa ya auna bambancin, ya samu abin rubuta kundin kammala digirinsa.