Jonin waya a mota: Haɗarin da ke tare da direbobin Tambuwal da Kebbe

A tashoshin motar Tambuwal da Kebbe, ba wuya ka ga motar haya da aka ƙara wa fitilar LED, sifika ko cajar waya. Ga fasinjan da ya fito daga ƙauyen da babu lantarki, cajar nan garaɓasa ce.

Matsalar tana wajen jonin. Wani riwaya yakan feɗe wayar da ta fi kusa, ya murɗa sabuwa a kanta, ya naɗe da salatif, babu fiyus.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, abin da siririyar waya ba za ta jure ba. Sai ta ɗau zafi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi ya tashi. Idan akwai jarkar fetur a but, gobara ta samu.

Ƙa'idar ita ce a ja waya mai kauri daga batir, a sanya fiyus dab da shi, sannan a haɗa ta yadda wuta za ta yanke da an zare makulli, kada batir ya mutu cikin dare.

Idan fiyus ya ƙone, a nemo dalili, kada a toshe gurbinsa da waya. Kuɗinsa bai kai na litar fetur ba.