Yadda ake gano tarihin zuri'a a tsofaffin takardun Sakkwato

Rabon gado, rikicin gona ko gida, da neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma su ne kan sa mutum ya tashi neman sunan kakan kakansa. Sau da yawa sai ya tarar dattawan da suka san jerin sunayen sun riga mu gidan gaskiya. Daga nan abin da ya rage shi ne takarda, tambayar kuwa ita ce a ina take.

A Turai amsar tana da sauƙi, domin majami'u ne suka riƙe wannan aiki. Tun 1538 aka umarci kowane coci a Ingila ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sannan a 1563 Cocin Katolika ya wajabta wa limamansa rubuta baftisma da aure. Shi ya sa Bature kan iya bin zuri'arsa ta shekaru ɗari huɗu. A Sakkwato kuwa, suna da ɗaurin aure a gaban shaidu ake yin su, ba a buɗe musu littafi. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya ma sai a 1979 ta fara fitowa. Saboda haka bayanan suna warwatse ne a wurare huɗu.

Wuri na farko shi ne gida. Malamai da dama kan rubuta ranar haihuwar ɗa ko rasuwar mahaifi a gefen littafi, mai kwafar littafi kuma kan rufe aikinsa da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da shekara. Takardun cinikin gida da wasiƙun ajami da ke cikin tsohuwar adaka su ma shaida ne.

Na biyu, rubuce-rubucen Daular Usmaniyya. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda unguwar Giɗaɗawa ta samo sunanta daga gare shi, ya jero sunayen mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Raudul Jinan. Jikansa na nesa, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya rubuta Tarihin Fulani. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke ɗauke da sunansa tana adana rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da takardun mulki. Gidan da ke da alaƙa da sarauta ko malanta ya fi samun biyan buƙata a nan.

Na uku, takardun zamanin En'e. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, haraji ya sa an riƙa ƙidaya masu gida, alƙalai kuma suna rubuta shari'un gado, inda akan ambaci mamaci da magadansa. Fayilolin Lardin Sakkwato suna Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin lambar SOKPROF. A Kadunan ne kuma Gidan Arewa yake, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Rajistar ɗaliban tsohuwar Midil ta Sakkwato da fayilolin ma'aikata na da amfani ga wanda kakansa ya yi boko.

Na huɗu, littattafan majami'u. Kiristocin da kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo iyayensu Sakkwato suna da hanya irin ta Turai. Cocin Katolika na yankin ya samu bishop na kansa a 1964, wato Edward Lawton, ɗan Amurka. Rajistar baftisma kan nuna sunan yaro, na iyayensa, rana, da wanda ya tsaya masa, ana kuma neman ta ne a cocin da aka yi baftismar.

Akwai tarko uku da ya kamata mai bincike ya kiyaye. Na ɗaya, suna: Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, makarantar boko kuma ta laƙaba wa ɗalibai sunan garinsu, kamar yadda aka san Shehu Shagari. Mutum ɗaya yana iya bayyana da sunan yanka a kotu, da laƙabi a unguwa. Na biyu, shekara: takardun Larabci da Hijira suke ƙirga, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Maris na 1903 ya faɗo ne a ƙarshen 1320. Na uku, mata: jerin haraji bai cika ambaton su ba, don haka dangin uwa sai a shari'ar gado ko a bakin tsofaffin mata.

Wani reshen zuri'ar ma yana iya kasancewa a wajen ƙasar. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya hijira, suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, da yawansu sun zauna a Sudan, a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara daga abin da aka sani a koma baya. A zauna da dattijo mafi tsufa a ɗauki muryarsa, a rubuta sunaye da unguwanni da sarkin da ke mulki lokacin kowace haihuwa, sannan a nufi ma'adanar takardu da jerin tambayoyi. Kada a amince da dangantaka sai shaidu biyu da ba su ji daga juna ba sun yi daidai, domin kamannin suna ba ya zama hujja a gaban alƙali. Duk takardar da aka samu a gida kuma a ɗauki hotonta a raba wa 'yan uwa tun yau, kafin gara ko damina su riga mai bincike.