Ɗan Kukawa da Ya Ratsa Damagaram Cikin Ayarin Bayi, Ya Wallafa Littafi a Amurka

Mutumin Dogo-Dogo, ko na Dungas da Magarya, in aka ce masa akwai wani fanni na ilmi da ake kira adabin baƙar fatar Amurka, wanda ake karantarwa a manyan jami'o'in duniya, mai yiwuwa ne ya ɗauka al'amari ne na nesa da babu ruwansa da shi, alhali kuwa ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan adabi ta ƙasar Damagaram aka wuce da shi yana yaro, a tsakiyar ayarin bayi. Sunansa Muhammadu Ali Sa'id, an haife shi a Kukawa wajen shekarar 1836, mahaifinsa kuwa shi ne Barka Gana, kacallan yaƙin Shehu Laminu na Barno. Buzaye suka kama shi, aka sayar da shi a Katsina, aka biyo da shi ta Zinder, aka keta Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus; daga nan ƙaddara ta yi ta juya shi daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan, ya ga ƙasar Hijaz, ya zauna Santambul, har ya faɗa gidan wani ɗan sarautar Rasha, inda a 1855 aka yi masa wankan shiga addinin Kirista, aka sa masa suna Nicholas. A 1860 ya sauka Amurka yana ɗa, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta sojoji baƙaƙe masu yaƙin kawar da bauta, kuma a 1873 aka buga, a birnin Memphis, tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa.

Ba za a gane nauyin wannan littafi ba sai an san cewa a waccan ƙasa, a zamanin bauta, alƙalami haramtacce ne ga bawa, domin tun 1740 hukumar Karolina ta Kudu ta kafa dokar hukunta duk wanda ya koya wa bawa rubutu, wasu jihohi kuma suka bi sahunta daga baya, saboda iyayengiji sun fahimci cewa wanda ya iya rubuta sunansa da na ubansa da na garinsu ya riga ya ƙaryata da'awar cewa shi dukiya ne kamar raƙumi ko buhun gero. Shi ya sa wannan adabi ya fara da shaidar mutum a kan kansa. Phillis Wheatley, wadda aka sato daga Yammacin Afirka tana ƙarama, ta fitar da diwanin waƙoƙinta a 1773, sai da manyan birnin Boston suka sa hannu suka tabbatar cewa ita ta tsara su. Frederick Douglass kuma, wanda ya koyi karatu a ɓoye, ya wallafa labarin bautarsa a 1845.

Amma akwai wasu da suka isa can da ilminsu a ka, almajiran allo da tawada irin waɗanda muka sani a tsangayunmu, kuma a ganina su ne suka fi cancanta mu sani. Umar bin Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana bawa a Karolina ta Arewa, ya kuwa buɗe shi da Suratul Mulk. Duk wanda ya yi zaman gaban malami ya san abin da bawa yake nufi sa'ad da ya fara magana da surar da ke tabbatar da mulki a hannun Allah Shi kaɗai, a ƙasar da wani ɗan Adam yake riƙe da takardar mallakarsa. Haka kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa na Jugu, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ya yi bauta a Barazil, ya kuɓuta a Niyok a 1847, aka buga labarinsa a Ditroit a 1854.

Abin da ya fi taɓa zuciya a littafin ɗan Kukawa shi ne abin da ya yi shiru a kansa. Ya ba da labarin Barno da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta dalla-dalla, yana nuna wa Turawa cewa ya fito daga daula mai shari'a da malamai, amma ko sau ɗaya bai ambaci aikin sojan da ya yi ba, domin a lokacin yana karantar da 'ya'yan 'yantattun bayi a jihohin Kudu, a tsakiyar mutanen da aka ci da yaƙi, inda irin wannan magana tana iya jawo wa baƙin mutum halaka.

Jikokin bayin da aka raba da harshensu da nasabarsu su ne suka mai da neman asali ya zama babban jigon fasaharsu. A shekarun 1920, a unguwar Harlem ta Niyok, marubuta da masu zane da makaɗa suka haɗu wuri guda: Langston Hughes ya zuba waƙoƙinsa bisa karin kiɗan bulus da jaz, Aaron Douglas ya ƙawata littattafan abokansa da zane mai ɗauke da siffofin sassaƙar Afirka. Alex Haley ya bi salsalar kakansa har Gambiya a littafinsa na 1976, Toni Morrison kuma ta karɓi lambar Nobel a 1993. Rubutun Umar bin Sa'id yanzu yana ajiye a babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya mallake shi a 2017, kuma a 2022 Rhiannon Giddens, gwanar kiɗan banjo, wanda masana suka tabbatar dangin molo da gurmi ne da bayi suka ƙera a can, ta haɗa kai da Michael Abels suka mai da rayuwarsa wasan kwaikwayo na waƙa, wanda ya ci lambar Pulitzer a 2023.