Lambun Yara a Tsakar Gida

Jama'a, ku tuna shekarar 2016, sa'ad da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a ƙasar Kano da Kaduna, har miya ta gagari talaka. To, wanda ya koya wa 'ya'yansa shuka ba ya rasa ganyen miya, kome ƙanƙantar gidansa.

Ba sai da fadama ba. A sami tsohon tulu, a huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye, a cika shi da ƙasa gauraye da busasshen kashin awaki, gama ɗanyen taki yakan ƙone saiwa. A ajiye shi inda rana ke samunsa, a kange da kara saboda kaji.

Ɗan shekara 5 ya isa ya barbaɗa irin alayyafo da hannunsa. Bayan kamar mako 4 an fara tsinka, kuɓewa kuwa sai wajen wata 2. Ruwan alwala da ke malala a banza, a tare shi a ƙwarya, yaro ya riƙa bayi safe da yamma. Amma ban da ruwan sabulu.

Malamai, ku ba kowane almajiri tulunsa. Ya zo cikin hadisi cewa ko tsuntsu ne ya ci daga shukar Musulmi, an rubuta masa sadaka. Allah ya sa mu dace, amin.