Abin da Takardun Bashin Rembrandt Suka Bayyana

Masu nazarin tarihin zane sukan fi gane yadda sana'ar mai zane ta gudana daga takardun cinikinsa da na bashinsa fiye da labaran da ake bazawa bayan rasuwarsa, kuma Rembrandt, shahararren mai zanen ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, ya isa misali. An daɗe ana cewa arzikinsa ya karye ne domin jama'a sun ƙi babban zanensa na 1642 mai suna De Nachtwacht, wato 'yan sintirin dare, alhali takardu sun nuna an biya shi kimanin gilda 1,600, kuɗin Holan na wancan zamani, sannan wani attajirin Sisiliya, Antonio Ruffo, ya biya gilda 500 a kan zane guda da aka kammala a 1653.

Gida ne ya ja masa. A 1639 ya sayi katafaren gida a Amsterdam a kan gilda 13,000, amma har 1653 bai gama biya ba, sai ya shiga cin sabon bashi don toshe tsoho, daidai lokacin da yaƙin Holan da Ingila ya durƙusar da kasuwa. A 1656 ya miƙa dukiyarsa ga hukuma domin a raba wa masu bin sa bashi, tsarin da ke kare wanda ya karye daga zaman kurkuku, jami'ai kuwa suka bi gidan ɗaki-ɗaki suka rubuta kaya 363.

Wannan jeri ya fi kowace takarda daraja, domin a ciki akwai gumakan sarakunan Rum, da kwalkwali da makamai, da bawon katantanwar teku, da murjani, da kundayen zanen magabata irin su Raphael da Mantegna. Mai ganin almubazzaranci a nan bai yi ƙarya ba, sai dai yawancinsu kayan aiki ne da yake kallo yana zanawa, yana koyar da almajiransa da su.

Bayan an yi gwanjon kayan, an sayar da gidan a 1658, sai ɗansa Titus da abokiyar zamansa Hendrickje Stoffels suka kafa kamfanin sayar da zane a 1660, suka ɗauke shi ma'aikaci don kada masu bashi su ƙwace abin da yake samu. Gidan ya zama gidan tarihi a yau, kuma da wannan jeri na 1656 aka yi amfani wajen sake tsara ɗakunansa.