Kalma Mai Gaɓa Takwas da Itatuwan Madina

Ɗalibin da ya baro Kano ko Sakkwato zuwa Madina neman ilmi, wanda harshensa ya horu da tajwidi har ya san haƙƙin kowane harafi, idan ya gamu da sunan da Turawa suka ba fannin sanin shekarun itace ta hanyar ƙirga zobban da ke cikin kututturensa, zai tarar sun yanka shi gaɓa shida, den-dro-kro-no-lo-ji, suna ɗora nauyin murya a kan ta huɗu. Amma da yake Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su buɗe gaɓa ba sai wasali ya raba su, a bakinmu takwas ce: den-do-ro-ko-ro-no-lo-ji, kuma a ganina babu aibi cikin haka. Asalin kalmar Yunananci ne, ma'anarta itace, zamani, ilmi. Masanin taurari A. E. Douglass ya kafa wa fannin cibiya a Arizona ta Amurka a 1937.

Sai dai a Madina amfani da wannan fanni yana da wuya, domin dabino, wanda da kututturansa aka yi ginshiƙan masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a 622, ba ya yin zobe ko kaɗan. Mumbarin masallacin kuwa, da aka sassaƙa da itacen ɗarfa na dajin Gaba, irin da ke yin zobe, gobarar da ta tashi a masallacin a 1256 ta cinye shi.