Jiyyar Fargaba da Barcin Matasa

Ciwon fargaba ya fi matsa wa yaro da dare. Da rana akwai makaranta da aike da hirar abokai, amma da zarar an kashe fitila sai tunani ya taso: jarrabawar gobe, lafiyar iyaye, motsin da aka ji a bayan ɗaki. Jiki kan ɗauka akwai haɗari, ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, barci ya ƙaurace wa ido. Washegari gajiya ta ƙara wa fargabar ƙarfi.

Jiyyar da ta fi karɓuwa ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, wadda ake kira CBT, da ta samo tushe daga aikin likita Aaron Beck a shekarun 1960. Philip Kendall na Jami'ar Temple a Amurka ya tsara ta yara mai suna Coping Cat, mai zama 16. Ginshiƙinta shi ne tunkarar abin tsoro sannu a hankali. Yaron da ba ya iya kwana shi kaɗai, uwa kan fara zama a bakin gadonsa, bayan kwanaki ta koma bakin ƙofa, har ya saba.

A 2008 an wallafa wani babban gwaji a Amurka kan yara 488 masu shekara 7 zuwa 17. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa CBT sun samu sauƙi sosai, masu shan maganin satralin kashi 55, waɗanda aka haɗa musu duka biyun kuwa kashi 81. Da aka duba barcinsu daga baya, ya inganta, sai dai ba da yawa ba. Abin da ya fi raguwa shi ne matsalar da tsoro ke haifarwa kai tsaye, kamar ƙin kwana nesa da iyaye.

Dalili a bayyane yake: ba duk rashin barcin matashi ne daga fargaba ba. Da balaga, jiki kan jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke jawo barci, ga kuma wayar hannu a ƙarƙashin matashin kai, alhali matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Shi kansa maganin satralin kan hana wasu barci a makonnin farko.

Shi ya sa masana kan yi wa barcin jiyyarsa daban: tashi a lokaci guda kullum har ranar hutu, barin shayi da kofi da yamma, da sauka daga gado idan barci ya ƙi zuwa, sai gyangyaɗi ya zo a koma.